Mudun Ma'aji

Ni ne ma'ajin ƙungiyar ƙwallon Gujungu.
Ko fenariti ban taɓa bugawa ba.
Biro ne ƙafata, takarda filina,
ragata kuwa aljihun Alhaji Nasidi mai riɗi,
wanda ba ya buɗuwa sai kaka ta yi kyau.

Wasiƙa ta zo daga Dutse, jan hatimi a ƙasa:
albashin 'yan wasanku, a haɗa shi kaf,
kada ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a wata.
Wanda ya ƙetare, a zabge masa maki.
Mudu ɗaya ke nan aka miƙo mini,
baki ashirin da biyu na jiran awo.

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a firamare.
A allo, in ka ɗebe bakwai daga goma,
bakwai ɗin ba ta biyo ka gida da magariba
ta tsuguna a zaure ta ce, Malam, me na yi?

Ga Sabitu, lamba tara, ɗan Isyaku mai rake.
Ƙwallo goma sha huɗu ya zura bara,
biyu da ka, sauran da hagun nan
da ke sa masu shayi barin tukunya a wuta.
Kwantiraginsa saura sati uku.
Dillali ya zo daga Kano,
turarensa ya riga shi sallama,
ya taya ninki uku, ya bar lambar waya.

In zan riƙe yaron, sai na ƙara dubu sittin.
Dubu sittin kuwa tana da suna:
Haladu mai tsaron gida,
shekara goma sha ɗaya tsakanin sanduna biyu,
gwiwa na kuka kamar ƙyauren langa-langa,
'ya'ya biyar, gonar aro.
Shi ya fara ɗaure wa Sabitu igiyar takalmi.

Dare uku ina rubutawa ina gogewa
har takardar ta huje daidai sunansa.

Ran kasuwa Isyaku ya tare ni a bakin kara.
Ya ce, Malam, na taɓa sayar da maraƙi don kuɗin taki.
Bayan damina uku na gan shi a nan,
bijimi, tozo kamar tulu,
ana tayi har ana rantsuwa.
Na gane shi, ina jin shi ma ya gane ni.
Ko kuɗin igiya ban samu ba.

Ban ce masa komai ba. Na koma na fere fensir.

Da dillali ya dawo na ce, ɗauke shi,
amma ga sharaɗi a shafi na biyu:
duk inda aka sake sayar da ƙafar nan,
ko Legas ko bayan teku,
kashi goma sha biyar cikin ɗari ya dawo Gujungu.
Ya yi dariya. Ya duba fuskata. Ya daina.
Ya fita ya yi waya a gindin darbejiya,
ya dawo ya sa hannu kamar mai cire ƙaya.
Isyaku ya dangwala yatsa,
ya goge tawadar a gefen hularsa.

Haladu ya samu shekara guda.

Asabar Jahun ta ci mu biyu da nema.
Da uku ne, tsohon ya kaɗe fenariti,
amma wa ke ƙirga ƙwallon da ba ta shiga ba?
Ma'aji ya cinye kuɗin Sabitu!
Haka suka rako ni da ihu har bakin titi,
littafina a hammata, daidai har sisin kwabo,
sai dai babu layin da ake rubuta murna.

Ina shirin tsallaka kwalta
ƙwallo ta ɓace wa masu atisaye, ta gangara bayan raga.
Wani yaro mai tallar gyaɗa, ba takalmi,
bai ko sauke faranti daga ka ba,
ya mayar da ita da hagu.
Ta lanƙwasa, ta bi ta kusurwa.

Na ce, kai, ɗan wane ne?
Ya ce, Lawandi, na gidan Gwadabe maƙeri.
Na buɗe shafin ƙarshe
na rubuta shi da fensir.